Yadda Ake Haɗa Siket ɗin Rawar Bale a Legas, Daga Kasuwar Balogun Zuwa Kan Keken Ɗinki

Bari in fara kawar da abin dariyar, don na san yana bakinki. E, sunan siket ɗin da masu rawar bale, rawar Turawa ta juyi da tsayuwa kan yatsu, ke sawa "tutu" ne, kuma babu Bahaushen da zai ji haka bai murmusa ba. Ranar da na ce wa Hajiyarmu a Agege zan shiga Balogun sayen kayan tutu, ajiye carbinta ta yi ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki ƙalau kuwa?" Kalmar ta Faransanci ce, ba ruwanta da abin da kike tunani. A gidanmu dai siket ɗin bale muke cewa a zauna lafiya, haka kuma zan riƙa kiransa a nan.

Na daɗe ina wannan rawa, yanzu kuma ina koya wa 'yan mata ƙanana ranar Asabar. Tun 2020, lokacin da bidiyon Anthony Madu ya zaga duniya, yaro ɗan shekara 11 yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a makarantar Leap of Dance da ke Ajangbadi, iyaye suka fara tambaya sosai, har da namu na Agege da Idi-Araba. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kaya. Na waje da dala ake saye, kafin ya iso yarinya ta ƙara tsawo. Na shagon kayan biki kuwa ado ne kawai, juyi biyu za a yi da shi ya kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Shi ya sa nake ɗinka namu da hannuna.

Da fari, wane iri kike so?

Iri biyu ne manya. Akwai dogo mai laushi wanda ke sauka har tsakiyar ƙwauri, irin wanda Marie Taglioni ta sa a Faris a 1832 a wasan La Sylphide. Akwai kuma gajere mai tauri wanda ke tsayawa a baje kamar faifai, wanda ya zo daga baya da masu rawa suka so a riƙa ganin aikin ƙafa tun daga cinya. Ni ina kiransu dogo da faifai.

Shawarata ga mai farawa ita ce dogo. Ya fi sauƙin ɗinki, ya fi araha, kuma shi ne wanda uwa Bahaushiya za ta gani hankalinta ya kwanta, musamman in an haɗa shi da riga mai dogon hannu da safa mai kauri. Faifai na yarinyar da ta yi nisa ne, wadda za ta hau dandamali, kuma ba a shiga aji da shi kullum.

Awo

Ki auna yarinya da tef wurare huɗu: ƙugu, daidai inda jiki ke lanƙwasawa in ta karkata gefe, saman ƙashin kwankwaso, wato inci 3 zuwa 4 ƙasa da ƙugu, inda mazaunai suka fi faɗi, sai tsawo daga saman kwankwaso zuwa tsakiyar ƙwauri in dogo ne. In faifai ne, ki ƙara awo daga ƙugu ta gaba, ta tsakanin ƙafafu, zuwa ƙugu ta baya. Ki rubuta a takarda. Kada ki ce kin riƙe a ka, hayaniyar kasuwa za ta goge shi.

Ga lissafin yadi. A ce yarinya 'yar shekara 10 ce, tsawon siket inci 24, net ɗin, wato yadin raga da ake yin siket ɗin da shi, faɗinsa inci 60. Kowane hawa yana cin falle biyu, hawa huɗu falle takwas ke nan, takwas sau 24 ya ba da inci 192, wato yadi 5 da ɗoriya. Ki sayi 6 na net mai laushi. Faifai mai hawa takwas na budurwar yarinya yana cin yadi 7 na net mai tauri, zan nuna yadda aka kai ga wannan in mun zo yanka.

Shiga kasuwa

Daga Agege, jirgin ƙasa na jan layi yana sauke ki Oyingbo, daga nan ki hau danfo ya haye Gadar Carter ya ajiye ki Idumota, kusa da kasuwar Balogun. 'Yan Mile 12 su hau motar BRT zuwa tashar CMS su taka. 'Yan Alaba Rago su fito Mile 2 su hau jirgin shuɗin layi zuwa Marina. Ki yi sammako, amma ban da Alhamis, domin ranar ce kasuwannin Legas ke shara, ba a buɗe shago sai ƙarfe 10. Ki guji watan Disamba in kina da zaɓi, lokacin ko allura kika jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. In azahar ta riske ki, Babban Masallacin Legas na nan kan titin Nnamdi Azikiwe, taku kaɗan ne. Wadda ba ta son haye ruwa tana iya gwada Oshodi ko Tejuosho a Yaba, sai dai launuka sun fi yawa a Balogun.

Masu jan hannu za su tare ki tun daga bakin titi. Ki gode musu ki wuce, don ladansu a cikin farashinki yake. Ki nemi layin masu kayan teloli da na amare, inda ake jera satin da leshi da duwatsu. Kada ki ce "tul", sunan yadin a Turance, da yawa ba su san shi da wannan suna ba. Net ake cewa, mai laushi ko mai tauri.

A nan ne aikin yake, don haka ki ba shi lokaci. Net mai tauri na gaskiya, in kika dunƙule shi a tafin hannu kika saki, zai yi ƙara ya buɗe da kansa. Ki zaro kamu ɗaya daga bakin bandir ki riƙe a kwance: in ya tsaya a miƙe, shi ne, in ya sunkuya, na mayafin amarya ne. Sannan ki jiƙa ɗan gefensa da ruwan leda ki murza. Wannan na koya ne da kuɗina. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da yadi bakwai da ke tsaye ƙyam, ashe sitaci ne aka ɗirka masa. Na yi mako biyu ina ɗinki, yarinya ta yi zufa sau ɗaya a gwaji, siket ya faɗi. Taurin da ke cikin zaren kansa ba ya tafiya da ruwa.

Ki fito da yadin waje ki duba launi a rana, fitilar shago maƙaryaciya ce, fari da ruwan madara duk ɗaya suke a ƙarƙashinta. Ki sayi duk abin da kike buƙata daga bandir ɗaya, don ruwan hoda na yau ba lalle ya zama na mako mai zuwa ba. Ki auna faɗin da tef ɗinki, in inci 54 ne ba 60 ba ki ƙara rabin yadi. Kuma ki sa ido lokacin awo, net yana miƙewa, in mai shago ya ja shi a kan sanda za ki je gida da abin da bai kai ba.

Ba zan rubuta farashi ba, don kafin ki karanta ya canza. Ki tambayi shago uku kafin ki taya, kuma in kin ce yadi bakwai za ki ɗauka, kina da bakin neman ragi.

Kafin ki fita ki haɗa sauran: rabin yadi na satin, rabin yadi na auduga mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa don shafi, rabin yadi na yadi mai roba don kamfai, roba siririya, ƙugiyoyi manya irin na wandon maza, zare mai ƙarfi launin net ɗin, da bonin yadi 2 in faifai ne, irin wanda teloli ke sa wa rigar anko don ta kama jiki. Duwatsu da leshi ki bar su ƙarshe, kuma ki kama kanki. Ni nan ce raunina yake, sau nawa na shiga sayen ƙugiya na fito da duwatsun da har yau suna cikin gwangwani.

Ɗamara, wadda komai ke rataye a kanta

Siket ɗin bale ba a ƙugu yake farawa ba, a saman kwankwaso yake farawa. Abin da ke rufe tsakanin nan shi nake kira ɗamara. Ki yanka ta daga audugar nan, sama daidai awon ƙugu, ƙasa daidai awon saman kwankwaso, ki bar rarar inci 2 a baya inda za ta haɗu. Gara ki yanka ta gida huɗu ko shida masu ɗan faɗi ta ƙasa ki haɗa, ta fi kwanciya a jiki. Ki ɗora satin a kai. Ƙugiyoyi a baya, amma madafarsu ki jera layi biyu, tazarar inci ɗaya, don yarinya ta yi shekara biyu da shi. Kada ki sa zif, yana cin net, kuma ranar wasa yake zaɓa ya lalace. Ɗamara ta kama sosai. In tana juyawa a jiki, siket zai bi ta ya karkace.

Dogo

Ki kashe fanka kafin ki shimfiɗa net, in ba haka ba za ki bi shi har tsakar gida. Ki danne gefuna da gwangwanin madara, ki yanka fallayenki takwas ta faɗin yadin. Ki haɗa biyu-biyu da ɗinki siriri. Net ba ya zarewa, saboda haka babu kalmasa.

Tattara ita ce aikin. In kekenki irin Butterfly ne mai ɗinki miƙaƙƙe, ki sa shi a taku mafi tsawo, ki yi layi biyu kusa da juna a bakin sama, sannan ki kama zaren ƙasa ki ja a hankali har faɗin ya dawo daidai ƙasan ɗamara. Ki raba hawan gida huɗu da alli tun kafin ki ja, ki raba ɗamarar ma gida huɗu, ki haɗa alama da alama, don kada tattarar ta taru a gefe ɗaya. Ki ɗinka hawa-hawa, kowanne daban. In kika haɗa huɗun kika tattara lokaci ɗaya, zai yi dunƙule a kwankwaso, ya kuma rasa wannan tashi da yake yi kamar hayaƙi in an yi tsalle. Ki bar tsaga ta inci 6 a baya don shiga. In kina son sutura ta ƙaru, hawan ciki ki yi shi da shafi mara nauyi maimakon net. A ƙarshe yarinya ta sa ta tsaya kan benci, ki daidaita bakin da almakashi. Yini biyu ya isa.

Faifai

Wannan kam sai da haƙuri. A kan kamfai ake gina shi. Ki yanka kamfai ninki biyu daga yadin mai roba, ki haɗa gefuna, amma ki bar baya da ƙasa a buɗe yadda zai shimfiɗu a kan keke. Ki ja layuka takwas da alli, na farko daidai inda ɗamara za ta haɗu da shi, sauran ƙasa da shi, tazarar rabin inci. Layukan ƙasa su ɗan bi lanƙwasar cinya.

Yankan net kuwa haka yake: hawa na sama inci 12, sai 11, sai 10, sai 9, kowanne falle huɗu, sannan 7, 6, 4 da 3, kowanne falle uku. In kin tara, inci 228 ne, yadi 6 da kaɗan, shi ya sa na ce ki sayi 7. Ki sa wa kowane hawa lamba da takarda da fil, domin da zarar sun cakuɗe ba za ki bambance 10 da 11 da ido ba. Bakin waje ki yanka shi haƙora-haƙora kamar zarto, a ninke, don miƙaƙƙen baki yana sa siket ya yi kama da tire. A hawa na huɗu, ki ɗinka wani siririn net mai faɗin inci ɗaya da rabi a tsakiyarsa, dogon aljihu ke nan wanda bonin zai shiga daga baya.

Ga sirrin da ya fi komai: ban da hawan sama, duk sauran ana ɗinka su ne suna kallon sama, wajen ƙugu. Ki fara da na biyu, ki tattara, ki kwantar da shi bakinsa na waje yana kallon ƙugu, ki ɗinka a kan layinsa. Sai na uku a kansa, haka har na takwas. Da yake an ɗinka su a juye, in nauyi ya jawo su ƙasa sai su tsaya a tsakiya, kowanne yana tallafe da na samansa. Wadda ta ɗinka su suna kallon ƙasa, siket ɗin biki ta yi. Hawan sama shi kaɗai ke kallon ƙasa, shi ke rufe sauran. Net mai tauri yana karce hannu, kuma wajen hawa na shida za ki ji kamar kokawa kike da bushiya a ƙarƙashin allura. Ki sa riga mai dogon hannu, ki ci gaba.

Daga nan ki haɗa baya, ki bar tsaga, ki haɗa ƙasan kamfai, ki sa roba a cinyoyi, ki ɗinka ɗamara. Abin da ke hannunki yanzu zai yi kama da ƙaton soso, kada ki tsorata. Ki zura bonin a aljihunsa, ki haɗa bakinsa ya zama zobe, kada ya matse har siket ya kumbura, kada kuma ya yi yawa har ya yi igiyar ruwa. Ki kife siket a kan tebur, ki tafasa ruwa a buta, ki riƙa bin hawa-hawa da tururi kina lallashi da tafin hannu. Dutsen guga kai tsaye narkar da net yake, na gawayi kuwa ko kusa kada ya zo.

Saura ɗauri. Da doguwar allura da zare ninki biyu, ki riƙa kama hawa uku-uku kina ɗaurewa, zagaye bayan zagaye, tazarar kamar yatsu huɗu. Kowane ɗauri ki bar masa sako-sako yadda yatsa zai shiga. In kin matse, faifai ya zama katako, ba ya numfashi in ana rawa. In babu ɗauri kuma, kowane hawa zai kama gabansa. Ado kuwa a kan wani falle daban ake yinsa, na leshi ko satin, a ɗora a sama a kama da ɗinkin hannu, yadda za a iya cirewa a sa wani. Duwatsu su tsaya kusa da ɗamara, in suka je baki za su ja shi ƙasa. Ni faifai yana ɗaukata mako biyu zuwa uku, da dare bayan an kwanta.

In ba ki da keke, ki kai wa tela, amma ki zauna da shi. Tsohon telan unguwarmu da na fara kai wa, da na ce a ɗinka a juye sai ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina kan keken nan ban taɓa ɗinka siket yana kallon sama ba." Na ce, "Baba, yi mini hawa biyu ka gani." Yanzu shi ke gyara mini tattara.

Abin da ake saya, ba a ɗinkawa

Rigar da ke manne jiki da siket ɗin atisaye ana samunsu a gwanjo, a Yaba ko Katangowa ko kasuwar Talata ta Aswani, in kina da haƙurin tono. Ki ja yadin ki saki, in bai koma ba robarsa ta mutu. Safa sabuwa ake saye. Ɗankwali kuma ki nemi ƙaramin hijabi mai roba wanda ake zurawa, babu fil ko ɗaya, don fil da juyi ba sa haɗuwa.

Takalmi mai laushi, na zane ko na fata, ya kama ƙafa kamar safa. Na san halinmu na sayen takalmi da rara don yaro ya girma a ciki. A nan rarar ita ke kayar da yarinya. Takalmin tsayuwa kan yatsu kuwa, kada ki saya sai malama ta ce ƙafa ta yi ƙwari, galibi ba a fara shi kafin shekara 11 ko 12, kuma kada ki taɓa sayen na gwanjo. Bakinsa da zane da takarda da gam ake yinsa, yana ɗaukar siffar ƙafar mai shi, in ya yi laushi kuma babu abin da zai riƙe yatsu. Ruwan hoda da aka saba gani an zaɓe shi ne don ya dace da farar fata. A 2018 kamfanin Freed na Landan ya fitar da masu launin fatarmu, kuma samunsu a nan sai an yi oda, shi ya sa har yanzu muke shafa wa namu hodar ruwa ta kwalliya da soso har su yi kalar ƙafa.

Ajiya

Danshin Legas shi ne babban abokin gaba, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Bayan kowane wasa ki shanya siket a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ki cusa shi a leda da zufa, zai yi fumfuna. In wanki ya kama, kamfan kawai za ki tsoma a ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ki cuɗa da hannu, net ɗin yana waje. Dogo a rataye shi. Faifai kuma a kwance ake ajiye shi a kife, ko a rataye shi ta kamfai kansa a ƙasa, don nauyinsa ya riƙa gyara shi maimakon ya karya shi. Ni na ɗinka masa zagayayyar jaka da tsohon zanen gado, yana zaune a kan durowa. Takalma ki fitar da su daga jaka su sha iska da zarar an dawo. Ranar wasa kuma, in danfo za ku hau, ki biya kuɗin kujera biyu a gaba, ki riƙe faifan a tsaye ta gefensa kamar mai ɗauke da madubi.